Fatsa a Saman Duwatsun Aberdare

Daga Nairobi zuwa Nyeri tafiyar kusan kilomita 150 ce, ta Thika da Sagana da Karatina, kuma ban da cunkoson motoci da gonakin kofi babu wani abin labari a cikinta. Aiki ne ya kai ni Kenya. Da ƙarshen mako ya zo, wani abokin aikina ɗan ƙasar ya matsa sai na bi shi kamun kifi a duwatsun Aberdare, waɗanda 'yan ƙabilar Kikuyu ke kira Nyandarua. Na ce masa ni ba masunci ba ne. Ya ce ai shi ya sa ake ɗaukar ɗan jagora.

Bayan Nyeri ne hanya ta fara hawa. Muka bar gonakin shayi, muka iso ƙofar gandun dajin da aka kafa tun 1950, wanda yanzu shingen lantarki mai tsawon kusan kilomita 400 ya kewaye, don kada giwaye su riƙa sauka gonakin mutane. Nan muka biya kuɗin shiga da na lasisin kamun kifi. Daga nan sai daji mai duhu, sai kurmin gora, can kuma bishiyoyi suka janye muka fito wani fili mai ciyawa dunƙule-dunƙule, a tsayin mita 3,000 ko fiye. Wai kusa da tsakiyar duniya muke, amma da na yi alwala da ruwan rafi sai da yatsuna suka ƙage.

Wannan sanyin shi ne dalilin zaman kifin a nan. Sunansa tirawut (trout), ba ya jure ruwan ɗumi, kuma asalinsa ba na Afirka ta Gabas ba ne. Wani Bature mai suna Ewart Grogan ne ya sa aka kawo ƙwansa daga Birtaniya a 1905, aka zuba a kogin Gura. Zuwa 1919 har Turawan sun kafa ƙungiyarsu ta masu fatsar wannan kifi. Iri biyu ne ake samu: mai ruwan ƙasa, ɗan asalin Turai, da mai jan zane a gefe, ɗan asalin yammacin Amurka. Yau suna hayayyafa da kansu, babu mai ba su abinci. Da muke ratsa kurmin gora abokina ya tuna mini cewa a nan mayaƙan Mau Mau, masu yaƙi da mulkin mallakar Birtaniya, suka ɓuya a shekarun 1950, har aka kama shugabansu Dedan Kimathi a 1956. Kenan dajin da Bature ya mayar wurin shaƙatawa, a cikinsa aka yaƙe shi.

Jagoran namu Bakikuye ne, dattijo, ba mai yawan magana ba. Da muka isa bakin kogin Chania bai taɓa sandar fatsa ba tukuna. Tsugunawa ya yi ya ɗaga wani dutse a cikin ruwa, ya juya shi, ya nuna mini ƙananan ƙwarin da ke maƙale a ƙarƙashinsa. Sannan ya buɗe ɗan akwatinsa ya zaɓo abin da ya fi kama da su. A wannan fatsar ba a sa koto, babu tana babu gara. Ƙugiya ce tsirara da aka naɗe da zare da gashin tsuntsu har ta zama kamar ƙwaro. Ba ta da nauyin da za a jefa ta, don haka nauyin yana jikin igiyar ne: ka kaɗa ta baya, ka dakata ta miƙe, ka turo ta gaba, ƙwaron ya sauka a hankali. Irin waɗannan ƙwarin ma a Kenya ake ɗaura da yawansu da hannu, a kai su kasuwannin Turai da Amurka.

Jifa dai ana koyonta. Abin da na ga ba ya koyuwa da sauri shi ne ido. Ni ruwa kawai nake gani yana gudu. Shi kuwa sai ya riƙe mini hannun riga ya ce, “Mzee, durƙusa. Inuwarka ta riga ka isa.” Kifin kullum yana fuskantar inda ruwa ke tahowa, yana jiran abinci, saboda haka ta bayansa ake zuwa, ana hawa kogin. Ya san bayan wane dutse ruwa ke lafawa, ya san ƙarƙashin wace gaɓa ya rarake. Kuma duk wannan yana yi ne kunnensa na kan ciyawa, domin ɓauna na kwanciya a cikinta, kuma ba ta yin sallama. A ganina kuɗin da mutum ke biya na wannan idon ne da wannan kunnen.

Da kifi ya kama, bai fi tsawon tafin hannuna da kaɗan ba, mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon ja. Jagora ya jiƙa hannunsa kafin ya taɓa shi, don kada ya goge santsin da ke kare fatarsa, ya zare ƙugiyar da dama an danne mata ƙayar baki, ya mayar da shi ruwa. Na tsaya ina kallonsa. Wanda ya saba ganin Argungu, inda dubban masunta ke rugawa Matan Fada da homa da gora kuma babban kifi ne ke cin gasa, dole abin ya ba shi dariya. Hujjar jagoran ita ce rafukan ƙanana ne, abinci kaɗan, kifin ba ya saurin girma. In kowa ya tafi da nasa, baɗi babu abin da zai nuna wa baƙo. Na yarda da hujjar. Amma kada mu ruɗi kanmu, sakin kifi bayan an kama wasa ne na wanda tukunyarsa ba ta jiransa.

Da la’asar hazo ya rufe, ruwan sama ya biyo baya, jagora ya ce mu tattara tun hanya ba ta yi santsi ba. Mun dai leƙa inda ruwan Karuru ke faɗowa hawa uku, mita 273, muka ji ƙararsa fiye da yadda muka gan shi. Tirawut ɗin da na ci a ranar a wani gidan abinci ne kusa da Nyeri, na kiwo, gasasshe, da ugali, tuwon masararsu. Naman da laushi, ƙaya kaɗan, sai dai lami. Sai da na sa aka kawo mini barkono.