Abin da aikin leza ya koya mini a filayen biki

Sana'ata bayar da hayar kayan sauti da fitilu a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura. Tun da na'urar leza, mai harba siririn haske mai ƙarfi, ta shigo cikin kayanmu, masu biki sun fi tambayar "koren hasken nan" fiye da lasifika. Da hunturu ma ya fi fitowa, domin ƙurar da ke cikin iska ce ke nuna layinsa, ba sai an kunna injin hayaƙi ba. Amma duk cikin kayan, ita na fi tsoro.

Maigidan da ya koya mini aikin bai ba ni makullinta ba sai da na iya karanta rubutun jikinta. Ƙa'idar duniya, IEC 60825-1, ta kasa leza aji-aji. Aji na 2 ba ya wuce miliwat 1 (miliwat dubu ne wat 1), kuma ƙiftawar ido, wadda ke ɗaukar kusan kwatan daƙiƙa, ta isa kariya. Aji na 3B ya kai miliwat 500. Abin da ya haura haka aji na 4 ne, kuma nan yawancin na'urorin wasan haske suke, masu wat 1 ko 2 ko fiye. A wannan ƙarfin, kafin ka ƙifta an riga an gama.

Ido yana tattara haske wuri guda, kamar gilashin da yara ke ƙona takarda da shi a rana. Tantanin da ke can bayan ido kuwa ba shi da jijiyar jin zafi, saboda haka wanda ya ƙone ba lalle ya yi ihu ba. Sai daga baya ya ga tabo a tsakiyar ganinsa, ya buɗe Alƙur'ani baƙaƙen su ƙi haɗuwa. A ƙauye da wuya a tuna da bikin jiya, sai a ce iska ce ko sammu, asibitin ido kuma yana da nisa. Wannan ne ke hana ni sakaci, domin ɓarnar da na yi ba za ta dawo ta nuna ni ba.

A Amurka dokar ita ce hasken ya wuce mita 3 sama da inda jama'a ke tsaye, da mita 2.5 ta gefe. Sai dai wannan awon ya fi dacewa da zaure mai daɓe da kujeru. Mu a fili muke aiki. Yara na kan katanga, wasu na kan darbejiya, samari sun hau bayan a-kori-kura, abokan ango kuma za su shigo a kan dawakai. Don haka ba daga ƙasa nake aunawa ba, daga inda mutum zai iya hawa nake aunawa. Tun la'asar nake zagaya filin ina duba abin da zai iya mayar da haske: madubin babur, gilashin mota, sabon kwanon rufi, tiren silba. Ina saita na'urar da mafi ƙarancin ƙarfi kafin mutane su taru, sannan in toshe ƙasan bakinta da farantin ƙarfe, ko kwamfuta ta rikice hasken ba zai sauko ba.

Zanen hasken da ake gani, ƙananan madubai biyu ne a cikin na'urar ke wurga haske ɗaya da sauri. Idan suka tsaya, duk ƙarfin ya taru a ɗigo guda, kuma da irin janaretocinmu ba a rantsuwa. Shi ya sa hannuna ba ya nisa da jan maɓallin kashewa, idona kuma kan jama'a yake. In zan tafi salla, makulli na aljihuna.

Mafi wahala shi ne mutane. Uban biki zai ce, "Malam, ɗan sauko da shi kan amarya a ɗauki bidiyo." Nakan ce, "Alhaji, a yi haƙuri, wannan ba ya sauka kan fuska, ga fitilu masu launi nan in haska ta da su." In ya nace, sai in ba shi labarin wani bikin kiɗa da aka yi kusa da Mosko a 2008: ruwan sama ya sa aka kafa rumfuna, hasken da aka shirya don sararin sama ya faɗa cikin taro, mutane da dama suka ƙare a asibiti da ƙunar ido. Masu bidiyo kuwa da sun ji cewa leza na ƙona idon kyamara, su ke fara goya mini baya.

Sama ma ba na sakin hasken haka nan. Jirage na sauka a Dutse da filin Malam Aminu Kano, kuma leza na iya dallare matuƙi daga nisan kilomitoci. Dole hasken ya ƙare a jikin bango ko baƙin ƙyalle mai kauri da na kafa da kaina. Filin da babu inda zan tsayar da shi, na'urar a mota take kwana, kuma tun wajen ciniki nake faɗa wa mai biki haka.