Kamfanin Jiragen Sama na Chanchangi

Alhaji Ahmadu Chanchangi, attajirin da ya fito daga yankin Takum na jihar Taraba ya kuma zauna a Kaduna, shi ne ya kafa kamfanin jiragen sama na Chanchangi a shekarar 1994, amma sai a 1997 jiragensa suka fara jigilar fasinja. Hedikwatar kamfanin ta kasance a Kaduna, kuma da jirage samfurin Boeing 727 ya soma, masu injina uku a ƙarshen jela, kafin daga baya ya sayo samfurin 737.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya haɗa Kaduna da Legas, Abuja, Fatakwal da Owerri a daidai lokacin da kamfanin gwamnati, Nigeria Airways, yake ta tangal-tangal har ya durƙushe a 2003. Ɗan kasuwar da zai kwana a hanya cikin mota sai ya sallaci asuba a Kaduna, ya kammala cinikinsa a Legas tun kafin la'asar.

Kamfanin ya tsallake sharaɗin ƙarin jari da gwamnati ta gindaya a 2007, wanda ya kayar da wasu takwarorinsa. Sai dai tsofaffin jirage akwai shan mai, kuma gyaransu da dala ake biya alhali tikiti da naira ake sayarwa. A 2010 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta dakatar da shi saboda jiragensa masu tashi ba su kai biyu ba. Ya ɗan farfaɗo, amma daga baya ya daina tashi. Alhaji Ahmadu ya rasu a 2017, Allah ya jiƙansa.