Zaren ɗinki da ƙurar hunturu a bakin cajin wayata

Ni tela ne, shagona yana Tudun Wada a nan Zariya, kuma rabin aikina yanzu a cikin waya yake. Ta WhatsApp ake turo mini salon ɗinki, a ciki nake ajiye awon mutane, a ciki nake ganin alat idan an biya kuɗin aiki. To a watan Disamba, daidai lokacin da bukukuwan aure suka yi yawa, ɗinki ya taru, sai wayar ta fara yi mini gardama wajen caji.

Da farko sai na ɗan karkata igiyar caja kafin ta kama. Daga baya sai na tokare ta da ƙwaryar zare, in lallaɓa in ajiye kamar mai kwantar da jariri. Wani dare aka kawo wuta wajen ƙarfe ɗaya, na tashi na jona ta, na ga alamar caji ta fito, na koma barci. Da asuba na tarar da ita a kashi 14, ƙasa da yadda na bar ta. Ranar wata baiwar Allah ta yi ta nemana kan kayan amaryarsu ba ta same ni ba, abin ya dame ni ƙwarai, don amana ce aka ba ni.

Na ɗauka caja ce. Na sayi sabuwa a hannun mai talla a Kwangila, mai araha, ba ta canza komai ba. Ta ma ƙaro wata matsalar: idan tana jone, allon wayar sai ya riƙa danna kansa, in taɓa nan ya buɗe can. Sai na ce to batir ne, na kama hanyar PZ, inda masu gyaran waya suke.

Mai gyaran da na fara zuwa wurinsa ko kallon wayar bai yi ba, ya ce a canza batir da bakin caji gaba ɗaya, ya faɗi kuɗi. Hankalina bai kwanta ba, na ƙara gaba. Na biyun matashi ne, yana zaune bayan teburi cike da gawarwakin wayoyi. Ya karɓa, ya kashe ta, ya haska tocila cikin ramin cajin, ya ɗago ya dube ni.

"Baba, ɗinki kake yi ko?"

Na ce, "Ɗana, ya aka yi ka sani?"

Bai amsa ba. Ya ɗauki tsinken sakace, ya fere bakinsa da reza har ya yi siriri, ya zura a hankali yana bin gefe-gefe. Abin da ya fito ya ba ni mamaki: wani dunƙule mai launin toka, ya daskare kamar auduga da aka danna, da jan zare da shuɗi a jikinsa. Sau huɗu yana zurawa yana fito da shi, yana tarawa a kan farar takarda. Na gane shuɗin, na wata shadda ce da na yanka makonni biyu da suka wuce. Da ya mayar da igiya sai na ji ta ce ƙas, ƙarar da na manta rabon da in ji ta.

Ya yi mini bayani, kuma na riƙe. Aljihun rigata cike yake da burbushin yadi, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Duk lokacin da na cusa caja, ina ƙara danna dattin ne zuwa ƙurya, har ya zama katanga, kan igiyar ba ya isa inda zai haɗu da ƙarafan ciki. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in sa allura, ga shi kuwa ita ce mafi kusa da hannun tela. Bakin caji irin na wayata, wanda ake kira USB-C, yana da wani ɗan harshe a tsakiya mai ɗauke da ƙananan ƙarafa har 24. Ƙarfe na iya haɗa su wuta ta tsallaka, ko ya karya harshen, a nan ne gyara na gaske zai taso.

Sai ya ce in ba shi cajar Kwangila. Ya jinjina ta a hannu, ba nauyi ko kaɗan. Ya ce irin wannan ba ta tace wuta yadda ya kamata, shi ya sa allo ke rikicewa, balle a kan janareta da ƙarfinsa ke hawa da sauka. Ya koya mini karanta ƙananan rubutun jikin kan caja. Idan an rubuta 5V 1A, ƙarfin wutar da cajar ke bayarwa wat 5 ke nan, batir mai 5000mAh sai ya haura awa huɗu bai cika ba. 5V 2A kuwa wat 10 ne. Wayar da aka yi ta da saurin caji, mai karɓar wat 18 ko 33, sai an haɗa ta da kai da igiya da suka dace da ita. Igiyar ma kanta, idan wayoyin cikinta sirara ne, wuta a hanya take zubewa. A garin da ba ka san awa nawa wutar za ta yi ba, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Na koma ga tsohuwar cajata ta asali, ashe lafiyarta ƙalau.

Batirin dai sai da na canza shi, amma a watan Afrilu, kuma dalilinsa daban. Zafin Zariya a lokacin yakan kusanci digiri 40, ni kuma a kan teburin guga nake ajiye waya tana caji, kusa da dutsen guga, tana cikin gidanta na roba mai kauri. Batirin litiyam ba ya shiri da zafin da ya wuce digiri 35, yana tsufa da wuri. Wata rana na lura murfin baya ya ɗan ɗaga, waya ba ta kwanciya daidai a kan tebur. Ban tsaya jira ba, domin kumburarren batir na iya kamawa da wuta. Na mayar wa wannan matashin, ya sa sabo, ya ce kada in jefa tsohon cikin sharar da ake ƙonawa, in bar masa.

Yanzu a kan wani katako nesa da guga nake caji, in cire robar idan rana ta yi. Ba na bari ta mutu murus, in ta sauka wajen kashi 20 nake jonawa, da rana kuma in cire ta a wajen 80. Na ɗinka mata ɗan jaka mai zif daga ragowar yadi, ta daina kwana cikin aljihu.

Makon jiya na ga yaron shagona yana naɗe igiyar caja a jikin wayarsa yana ɗaurewa da kyauro don ta kama. Ya ce yana tara kuɗin sabon batir ne. Na ce ya kashe ta, ya miƙo mini tocila da tsinke. Nasa dunƙulen ya fi nawa girma, har da ɗan guntun zaren zinare na aikin wuyan riga.