Kwakwalwa uku, adireshi biyu a kan layin I2C

Aikin da na sa a gaba shi ne haɗa allon Arduino Uno (ƙaramar kwamfutar da ake saka wa furogaram don sarrafa na'urori) da agogon DS3231 da kuma na'urar gane motsi ta MPU6050, duka a kan wayoyi biyu na tsarin I2C, hanyar da na'urori da yawa ke musayar bayanai a kan layi guda, wato SDA mai ɗaukar bayanai a ƙafar A4 da SCL mai bugun daidaita lokaci a ƙafar A5 ta Arduino. Kowace na'ura ta yi aiki lafiya lau sa'ad da na gwada ta ita kaɗai, amma da na haɗa su tare sai agogon ya riƙa ba da lokacin da ba shi da kan gado.

Na fara da abin da mitar auna lantarki ke iya nunawa. Wayar GND, wato ta sifilin lantarki, ɗaya ce ga kowa, kuma layukan biyu suna sama, wato da cikakken ƙarfin lantarki, idan babu zirga-zirgar bayanai, alamar cewa rizistocin da ke jan su sama suna nan daram. Daga nan na saka ɗan furogaram mai kiran adireshi, wato lambar da kowace na'ura ke amsa kira da ita, ɗaya bayan ɗaya, ya kuwa dawo da amsa biyu, 0x57 da 0x68. A nan ne mutum zai iya ruɗuwa, domin alluna biyu na jona, amsa biyu kuma na gani. Sai dai ƙaramin allon agogon yana ɗauke da ma'ajiyar bayanai ta AT24C32 a jikinsa, kuma ita ce mai 0x57. Ashe na'urori uku ne a kan layin, DS3231 da MPU6050 kuma suna amsa kira a 0x68 tare.

Abin da ya sa rikicin ke ɓuya shi ne, a tsarin I2C babu na'urar da ke tura layi sama. Kowace tana iya jan sa ƙasa ne kawai ko ta sake shi. Saboda haka idan biyu suka yi magana lokaci guda, sifili, wato layi a ƙasa, ne ke rinjaye, amsar karɓa da na'ura ke bayarwa a bugu na tara na SCL tana zuwa daidai, furogaram kuma ba ya ganin kuskure ko kaɗan. A ganina wannan ya fi shirun na'ura wahalar ganowa.

Adireshin DS3231 ba ya canzuwa, don haka na ɗaura ƙafar AD0 ta MPU6050, mai zaɓar adireshinta, a kan 3.3V, ta koma 0x69, na gyara lambar a furogaram, lokaci ya daidaita. Yanzu kafin in jona kowane allo nakan duba takardar bayanan kowace na'ura da ke jikinsa, in rubuta adireshinta. Rijistar WHO_AM_I ta MPU6050 kuwa, wato gurbin da ke riƙe da lambar shaidar na'urar, 0x68 take ci gaba da nunawa ko bayan sauyin, don haka ba da ita ake tabbatar da sabon adireshi ba.