Takarda a hannu, ƙofar kotu a rufe

Wata uku da fara koyon aiki a wani ƙaramin ofishin lauyoyi a Houston, jihar Teksas, wani dattijo ɗan ƙasarmu ya shigo da ambulan a hammata. Da ya ji Bahaushe ne ni, sai ya bar Turanci ya ja kujera.

Ga abin da ya kawo shi. Hukumar wani ƙaramin gari ta amince ta sayar masa da fili, zai gina shaguna. An rubuta yarjejeniya, manajan gari ya sa hannu, majalisar gari ta amince. Alhaji ya ba da kafin alƙalami, ya biya masu awon fili, ya biya mai zanen gini. Sai aka yi zaɓe, sababbin kansiloli suka zo suka ce ba su san zancen ba.

Na karanta takardar sau biyu. Na duba kundin da ya kafa garin, na ga an rubuta cewa hukumar tana iya kai ƙara, ana kuma iya kai ta ƙara. Na ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Wannan ko ɗan aji ɗaya aka ba shi zai ci." Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Barista." Har yau idan na tuna wannan albarka sai kunya ta kama ni.

Shugabar ofishin, wata tsohuwar lauya da ba ta ɓata magana, ta karanta abin da na rubuta har shafi huɗu a kan yadda garin ya karya alkawari. Ta ce duk gaskiya ne. Sannan ta tambaye ni, wa ya ba kotu hurumin sauraronmu? Ta rubuta sunan shari'a ɗaya a gefen takardar ta miƙo mini: Tooke da garin Mexia, 2006.

A daren na karanta ta. Wasu mata da miji ne suka yi kwangilar kwashe rassan itace da ganye a titunan Mexia, garin ya dakatar da aikin don kuɗin da aka ware sun ƙare. Kotun ƙolin Teksas ta ce kalmomin nan na "a kai ta ƙara", waɗanda na dogara a kansu, ba su isa su tuɓe wa hukuma rigar kariya ba. Da wannan ta soke wani hukuncinta na 1970 da lauyoyi suka shekara talatin da shida suna jingina da shi. Ni kuwa na ɗauka rigar kariya ta gwamna ce da shugaban ƙasa, kamar yadda muka sani a sashe na 308 na tsarin mulkinmu. A can hukumar kanta ce ke sanye da ita, gadon tsohuwar ƙa'idar Ingila cewa sarki ba ya laifi, kuma kotunan Teksas suna riƙe da ita tun 1847.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rigar hawa biyu ce. A shari'ar Federal Sign ta 1997 kotun ta ce idan gwamnati ta sa hannu a kwangila, ta yarda bashi ya hau kanta, amma ba ta yarda a gurfanar da ita ba. Wato ta amsa cewa kana bin ta, sai dai ba alƙalin da zai saurare ka. Wanda zai buɗe ƙofar majalisar dokokin jiha ce, da kalmomi bayyanannu. Ko manajan gari ya rubuta maka da hannunsa cewa sun ajiye kariyar, kada ka saki jiki.

Majalisar ta buɗe wata 'yar ƙofa a 2005, a babi na 271 na dokar ƙananan hukumomi. Amma ga masu rubutacciyar kwangilar kawo wa hukuma kaya ko yi mata aiki aka buɗe ta, kuma ko su ba a biyansu ribar da suka yi tsammani. Alhaji bai kawo wa garin komai ba, bai yi masa aikin komai ba. Fili ya zo saye. A 2014 ma kotun ta hana wani kamfani da ya karɓi hayar wurin ajiye jiragen ruwa daga wata hukumar ruwa a Lubbock shiga ta wannan ƙofa, ta ce haya daban, yi wa hukuma aiki daban.

Da safe na koma da fuska a murtuƙe na ce mun mutu. Shugabar ta yi dariya ta ce jiya na yi gaggawar ci, yau na yi gaggawar faɗuwa, duk ciwo ɗaya ne. Ta tura ni ga shari'ar Wasson da garin Jacksonville.

Wannan ita ce na fi jin daɗin karantawa. Jacksonville ta haƙa tafki don ruwan sha, sannan ta riƙa ba da hayar filayen bakinsa na shekara 99. Rikici ya tashi da wani mai haya, kamfanin Wasson, garin ya ce yana da kariya. A 2016 kotun ƙoli ta ce gari aron rigar yake yi daga jiha, saboda haka tana rufe shi ne kawai lokacin da yake aiki a madadin jiha. Idan ya shiga kasuwa don amfanin kansa da mazaunansa, ya zama kamar kowane ɗan kasuwa. A 2018 shari'ar ta dawo, kotun ta ce abin dubawa shi ne matsayin garin ranar da ya ƙulla yarjejeniyar, ba ranar da ya karya ta ba. Dole ce ta sa shi ko ganin dama? Don jama'ar jiha baki ɗaya ko don 'yan garinsa? Da sunan wa? Kuma ya abin ya haɗu da ainihin aikin gwamnati? Kotun ta yanke cewa ba da hayar filayen nan, kasuwanci ne. A ganina wannan ya fi kusa da adalci: wanda ya baza haja ya karɓi kuɗin mutane bai kamata ya tuna shi sarki ne ranar biya ba.

To muna da hujja, amma ba mu da lokaci. Idan alƙali ya ƙi yarda da kariyar, dokar Teksas ta ba hukuma damar ɗaukaka ƙara nan take, shari'ar ta tsaya cik. Mutanen Wasson sun je kotun ƙoli sau biyu kafin ma a fara maganar wa ya karya alkawari. Na tuna gida, inda za ka ci ƙaramar hukuma a kotu sannan ka tsaya jiran izinin Antoni Janar kafin ka taɓa asusunta. Mu ƙofar fita aka tsare mana, su ta shiga.

Ni aka sa in faɗa wa Alhaji, tunda ni na yi masa alkawari. Na zayyana masa komai, har da shekarun da abin zai iya ci da kuɗin lauya. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Barista, shekarata sittin da bakwai. A karɓo mini kafin alƙalamina." Muka rubuta wa lauyan garin wasiƙa, muka ambaci Wasson a sakin layi na biyu. Bayan mako shida suka dawo da kuɗin, da rabin abin da ya biya masu awo. Zanen shagunan yana nan a ofishin, a naɗe bayan kabad, bai dawo ya ɗauka ba.