Darasin da na kwaso daga binciken ƴan aikatau a Tawa

Wata ƙungiya mai aikin kare yara ce ta ɗauke mu, mu ƴan kaɗan, domin mu yi bincike a kan ƴan matan da ke aikatau a gidaje da masu talla a tasha da bakin kasuwa a birnin Tawa. Yawancinsu daga ƙauyukan Adar suke fitowa, wajen Keita da Buza da Illela, inda da zarar an gama girbi maza ke kama hanyar biɗa zuwa Abijan ko Libiya, a bar mata da yara da rumbun da ba zai kai su damina ba. Izinin kwamitin ɗa'ar bincike a Yamai, da takardar gabatarwa ga hukumomin jiha, da gaisuwar masu unguwanni, duk sun tafi yadda aka tsara, ba sai na tsaya a kansu ba.

Duk wanda muka nemi shawararsa kafin mu tashi magana ɗaya ya yi mana, wai yaran ba za su buɗe baki ba. Muna da dalilin yarda da shi. A ƙasar da binciken kiwon lafiya na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15, ba a saba tambayar yarinya abin da take so ba, balle abin da aka yi mata. Saboda haka horonmu gaba ɗaya a kan dabarun jawo magana ya ƙare: zane, da ƙagaggen labarin wata yarinya, da tambayar da ake zagayowa ta gefe. Abin da za a yi idan yarinya ta yi magana kuwa, takarda guda aka miƙa mana, jerin sunayen ofisoshi da lambobin waya, aka ce hanyar miƙa yara ga masu taimako ke nan.

Yaran sun yi magana, kuma ba su jira dabarunmu ba. Abin da suke bukata kawai shi ne mace wadda ba ta san uwar ɗakinsu ba, da wurin da ba a jin muryarsu daga cikin gida, kamar bakin famfo ko inuwar bayan injin niƙa.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar, wata yarinya da ba ta wuce shekara 13 ba ta ajiye robar niƙanta a ƙasa, ta yi ta murɗa bakin hijabinta har ya zama igiya, sannan ta ce mini, "Tanti, in na faɗa miki wani abu, za ki gaya wa Hajiya?" Na ce mata, "Ɗiyata, Hajiya ba za ta ji daga bakina ba, amma in abin na cutar da ke ne, sai na nemo wanda zai taimake ki." Sai ta faɗa mini cewa ƙanen mai gidan ya yi mata fyaɗe a daren Talata. Duk ma'aikacin jin daɗin jama'a ya san lissafin da ke biyo bayan irin wannan magana: maganin kariya daga ƙwayar cutar sida dole a fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki cikin awa 120, kuma shaidar da likita zai iya gani tana gushewa da kowace rana. Daga daren Talata, awa 72 a daren Juma'a suke cika, ga shi ranar Juma'a ma'aikatu na tashi da tsakar rana.

Na ciro takardar daga jaka na fara kira. Lamba ta farko a kashe take. Ta biyu wani mutum ya ɗauka cikin ladabi, ya ce an daɗe da mayar da shi wata jiha, bai ma san wanda ya gaje shi ba. Ta uku ta wani shiri ce da kuɗinsa suka ƙare aka rufe shi. Daga baya na gano cewa a ofishin ƙungiyar a Yamai aka kwafo jerin daga rahoton wani tsohon aiki, aka sauya shekara a samansa, babu wanda ya ɗaga waya ya gwada ko lamba ɗaya. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, domin an tura mu mu tsaga ƙurji ba a ba mu ko auduga ba.

Abin da ya cece mu ba ya cikin takardar. Wata unguwar zoma da abokiyar aikina ta sani tun suna lakwal ita ce ta karɓe mu da sassafen Juma'a, ta nemo mai riƙe da mabuɗin ɗakin magani, aka fara ba yarinyar maganin kafin azahar. Wannan kaɗai nake riƙewa in ji sanyi. Sauran lamarin a hannunmu ya wargaje. Takardar shaidar likita da kotu za ta yi aiki da ita tana tafiya da umurnin ƴan sanda ko jandarmomi, kuma duk inda muka shiga tambaya ɗaya ce, ina babban da ke da alhakin yarinyar. Babbar da ke riƙonta ita ce matar gidan da abin ya faru a ciki. Uwarta na ƙauye, ubanta na Libiya. Kafin uwar ta samu kuɗin mota ta iso, magana ta riga ta kai kunnen dangi, manyan gidajen biyu sun zauna, an yi sulhu, an miƙa abin da aka miƙa.

Kawun yarinyar bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Malama, ke da takarda kika zo, da takarda za ki koma Yamai. Mu ne za mu aurar da ita a garin nan." Ban yarda da sulhun ba, kuma ban yarda da shi ba har yanzu, domin wanda ya aikata laifin yana nan a gidan, kuma wata yarinyar za a kawo ta maye gurbin wannan. Amma ban iya cewa dattijon ya yi ƙarya ba. Kwangilarmu tana da ranar ƙarewa, shi kuwa da ƴar ƙanwarsa a cikin mutanen nan za su rayu.

Ba dokoki muka rasa ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, akwai dokar 2010 kan fataucin mutane, akwai alƙalan yara a kotuna. Kuma a jihar nan ta Tawa aka ga abin da shari'a za ta iya: Hadijatu Mani, wadda aka sayar a matsayin wahaya, wato baiwar da ake saya a ajiye ta a matsayin mace ta biyar, a yankin Ƙonni tana da shekara 12 a kan sefa 240,000, ta kai ƙasar Nijar gaban kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yi nasara a 2008, aka yanke a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Sai dai wanda ya bi labarin ya san cewa ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da kuma lauyoyi sun tsaya a bayanta shekara da shekaru. Yarinyar da ta yi mini magana ba ta da kowa sai masu bincike da lambobin da ba a ɗauka.

Shawarata ga duk mai shirin irin wannan aiki ita ce kada ya yi wa yaro ko tambaya ɗaya kafin ya bi hanyar taimakon da ƙafarsa. Ya je cibiyar lafiya ya ga maganin da idonsa, ya duba ranar lalacewarsa, ya san mai riƙe da mabuɗi da daddare da ranar hutu. Ya zauna da jami'in kare yara na jiha da ɗan sandan da ke kula da ƙananan yara da alƙalin yara, su amince tun da wuri a kan wanda zai tsaya wa yarinya idan mai riƙonta ne ake zargi, da inda za ta kwana a wannan daren. Ya sa kuɗin mota da na kabu-kabu da na waya a cikin kasafin binciken, domin rashin jika biyu ko uku ne ya jinkirta zuwan uwar nan har sulhu ya riga ta. Kada kuma ya yi wa yaro alkawarin rufe sirri gaba ɗaya, tunda akwai sirrin da ba ya halatta a riƙe. A wajen rubuta rahoto, sauya suna ba ya wadatarwa, domin a unguwar da kowa ya san kowa, ambaton ƙauyen yarinya da sana'ar mai gidanta ya isa a gane ta, shi ya sa a nan ma na bar abubuwa da yawa.

A taron gabatar da sakamako a Yamai, daftarin rahoton ya ce an tanadi hanyar miƙa yara ga masu taimako a duk tsawon binciken. Na nemi a goge jimlar a rubuta abin da ya faru, aka ce hakan zai ɓata wa masu ba da kuɗi rai, a ƙarshe aka yarda da sakin layi ɗaya a cikin rataye. Da suka neme ni zagaye na biyu, sharuɗɗa uku na gindaya: a gwada kowace lamba a kuma ziyarci kowane ofis kafin a fara, a ware kuɗin gaggawa a hannun shugabar tawaga, sannan a ɗauki ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ƴar Tawa wadda za ta ci gaba da bin yaran wata shida bayan mun tafi. Sun amince da biyun farko. Na uku sun ce ba ya cikin abin da ake kira bincike, kuma a kansa muke ja har yanzu, ban sa hannu ba.