Turaren da ya raba ni da ɓaunar Gashaka

Har yau idan na buɗe hotunan da na ɗauko a gandun dajin Gashaka-Gumti sai raina ya sosu. Suna nan da yawa, amma hoton da ya kai ni can babu shi.

Ɓauna na je nema. A watan Janairu na tashi daga Jalingo, na bi ta Bali na sauka Serti, aka haɗa ni da wani dattijon ma'aikacin daji da zai yi mini ja-gora. Wannan gandun, da aka kafa a 1991, shi ne mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a ƙasar, mita 2,419, can bakin iyakar Kamaru. Wuri mai wannan faɗi, dabba ba ta jiran kowa. Kwana uku muna hawa muna gangara, abin da muka samu sawu ne da kashi busasshe.

Daren na uku dattijon ya ce mini, "Malam, gobe kada ka sa turare, ko sabulu mai ƙamshi kada ka taɓa. Da mun yi sallar asuba za mu kama hanya." Na ce, "To, Baba." Ban sa ba kuwa. Amma sanyin dutse ya sa na jawo rawanin da nake zuwa masallacin Juma'a da shi na naɗe wuya, wanda turare ya riga ya kama zarensa. Ni hancina ya saba, ban ji komai ba. Na kuma tsaya dafa shayi, muka yi asarar kusan rabin awa.

Wajen ƙarfe takwas ya ɗaga hannu, muka durƙusa. Ga su can sama da mu a gefen kwari, guda bakwai, har da ɗan maraƙi ja. Wani babban namiji ya ɗaga kai, ciyawa na rataye a bakinsa, laka ta bushe a ƙahonsa. Dattijon ya ɗebo toka daga ƙullin leda ya sake ta a hankali. Na ga fuskarsa ta canza, domin tokar ta fara bin tudu. A ƙasar duwatsu iska mai sanyi gangarowa take yi da dare har zuwa sassafe. Da rana ta ɗumama gangaren, sai ta juya ta hau. Rabin awan shayin nan shi ne ya kai mu daidai lokacin juyawarta. Ina cikin daidaita gilashin kyamara namijin ya buɗe hanci, ya yi huci sau ɗaya, garken ya faɗa kurmi. Abin da na samu ƙura ce da bayan guda ɗaya.

Dattijon bai yi mini faɗa ba. Ya kama bakin rawanin ya shinshina, ya sake. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce warin mutum kaɗai ma yana korar su, amma turare tun daga nesa yake isa, da ba don shi ba da mun samu ko minti ɗaya ne. Minti ɗaya ya ishe ni.

Sauran kwanakin na ɗauki birai baƙaƙe masu farin gashi a kafaɗa da jela, na ɗauki kogin Kam da hantsi. Na kuma koyi kwana da batir a cikin bargo, don sanyi na zuƙe cajinsa kuma babu inda za ka jona. Duk wannan mai sauƙi ne. Wanda zai je, ya wanke duk abin da zai sa da ruwa zalla, har hula da rawani, ya ware su a jaka dabam tun daga gida, shayi kuma ya dafa shi da dare ya zuba a filas.

Ɓaunar ba ta sake fito mana ba har na bar dajin.